Idan aka sake kulle Kano, ina matan ci-rani za su sa kansu?

Uwar Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Batunmu na yau shi ne halin da matan da ba 'yan gari ba suke shiga idan annoba ta sa an rufe gari. Ina nufin 'yan aikatau da ake kawowa daga ƙauye, da matan Nijar masu zuwa ci-rani, da 'yan gudun hijira da suka watsu cikin unguwanni, har da namu matan da ke aiki a Saudiyya. Korona ta lafa, amma mashaƙo ya biyo bayanta kuma a nan Kano ya fi ƙamari, ga amai da gudawa duk damina sai ta leƙo. Don Allah wanda ya san aikin ya faɗi abin da ya lalace a 2020 da dalilin lalacewarsa. Ban da "an ce".

Jami'in Walwala:
Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da jerin ranaku, don a nan ake gane inda aka tauye su. Tun ƙarshen Maris 2020 gwamnatin jiha ta rufe hanyoyin shiga da fita Kano. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar. Ranar 14 aka yi sanarwar kulle, daren 16 ta fara aiki. Ranar 27 Shugaba Buhari ya ɗora mako biyu na kulle gaba ɗaya, ga azumi ya riga ya kama. Kun ga ke nan an toshe hanyar komawa gida kusan mako uku kafin a rufe wurin neman abinci. Wadda ta so tafiya garinsu ba mota, wadda ta zauna ba aiki.

Kwana biyun da aka bayar na cefane mai albashi suka amfana. Matar da ke tsintar zoɓo ko bakacen riɗi a kasuwar Dawanau kuɗin yini ake sallamarta da shi, hannu baka hannu ƙwarya. Da me za ta yi cefanen mako? 'Yar gari ma talaka ce, amma tana da abin da baƙuwa ba ta da shi: mai shago ya san ubanta, ya san mijinta, zai buɗe mata littafin bashi. Wadda ta kama ɗaki wata huɗu da suka wuce a Rijiyar Lemo ko Bachirawa, ba wanda zai auna mata kwanon gero bashi, don bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba in ta ɓace.

Uwar Adashi:
Malam ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Abin da ya maye wa baƙuwa gurbin dangi shi ne adashi, shi ma a makon farko ya karye. Ga yadda abin yake. A ce mata goma ne, zubin ɗari biyar kullum, ana kwasa duk kwana biyar. Tsarin da kowace uwar adashi take bi shi ne sabuwar zuwa a sa ta a ƙarshen layi, tunda ba ta da mai tsaya mata. To gari ya rufe an kai ta shida. Shida sun ci, huɗu sun yi ta zubi ba su ga ko sisi ba, kuma huɗun nan su ne baƙin. Waɗanda suka kwasa ba su da abin zubawa, wasu ma sun sulale ƙauye ta barauniyar hanya.

Maganinsa tun ranar ɗaura adashi ake yin sa. A rubuta cewa in aka rufe kasuwa zubi ya tsaya cak, ba a yafe shi ba, ranar da aka buɗe a ɗora daga inda aka tsaya. Abin da ke hannun uwar adashi a ranar kulle kada a ba mai layi ita kaɗai, a raba wa duk waɗanda ba su kwasa ba. Sannan a riƙa cire kashi ɗaya cikin goma na kowace kwasa ana ajiyewa a gefe. Mata ba sa son wannan cirewar, suna ganin an rage musu, amma ita ce ke sayen masara ranar da ba zubi.

Duba-gari:
A ƙara da masu kayan da ba sa kwana. Da aka sassauta a watan Mayu, Litinin da Alhamis aka ware daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Mai hatsi bai damu ba, buhunsa na nan. Bafulatana mai tallar nono fa? Saniya kullum ake tatsarta, ga zafin bazara, nonon Juma'a ba zai kai Litinin da daɗinsa ba. Kafin ta taso daga ruga ta ƙetare shingayen jami'ai ta iso gari, rabin lokacin ya tafi, kuma kowa ya san shinge ba a wuce shi hannu rabbana. Masu kitso da lalle da girkin biki kuwa ko wannan sassaucin bai shafe su ba, tunda taro aka hana.

Anti Mai Ƙungiya:
'Yan aikatau kashi biyu ne, kuma annobar ba iri ɗaya ta yi musu ba. Mai zuwa da safe ta koma da yamma ita aka fara sallama, wai kada ta kwaso cuta a a-daidaita-sahu, galibi ba tare da an cika mata kuɗin watan ba. Mai kwana a gidan kuwa aiki ne ya ninka: maigida na gida, yara ba makaranta, ga girkin buɗa-baki da na sahur. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne albashin yarinyar ba hannunta yake shiga ba. Dillaliyar da ta kawo ta ce ke zagayowa bayan wata biyu ko uku ta karɓa, ta cire nata, ta kai wa iyaye sauran. Wannan zagayen, duk da muninsa, shi kaɗai ne lokacin da wani daga waje yake ganin yarinyar da idonsa. Da hanya ta rufe sai kuɗi ya tsaya, ido ma ya ɗauke. Wadda ake duka ko ɗan gida yake lalata da ita, ba ta da wayar kanta, ba ta san sunan unguwar da take ba ballantana hanyar tasha.

Barista:
Anti, bari in sa doka a kan wannan. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ba ruwanta da cewa iyaye sun yarda. Kano kuma ta samu dokar kare yara a 2023. Ga babbar mace kuwa kariyar ba ta da ƙarfi: dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka gidan da ke da 'yar aiki ɗaya ya fita daga ciki. Abin da ya rage mata shi ne yarjejeniyar da aka yi, ita kuma da baki ake yin ta. Ranar rigima uwar gida ta ce dubu takwas aka yi, ita ta ce goma, ba shaida.

Rabin takarda ya isa: sunanta da garinsu, nawa ne a wata, ranar biya, hannun wa kuɗin zai shiga, kwana nawa za a ba ta kafin sallama, da lambar wani nata. Shaidu biyu su sa hannu, a ajiye kwafi wajen mai unguwa. Da wannan ko Hisbah ko kotun shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA za su iya karɓo mata haƙƙinta a zama ɗaya. Ku tuna kuma a ƙarshen Maris 2020 an dakatar da zaman kotuna sai na gaggawa. Masu gidan haya da suka watso wa mata kaya waje a lokacin sun san ba inda za a kai su. A doka mai biyan haya wata-wata ana ba shi sanarwar wata guda, bayanta ta kwana bakwai, sannan kotu ce ke fitarwa. Cire ƙofa ko kwance rufi ba hanyar doka ba ce.

Alhaji Ɗan Kwari:
Ni fa ina da ja. Duk wannan dogon lissafin me ya kawo shi? Gari ya ƙuntata, 'yan gari ma ba su ƙoshi ba. In annoba ta zo gwamnati ta kawo motoci kowa ya koma garinsu, a can akwai dangi akwai gona. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Jami'in Walwala:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ai an gwada. Abin da gwamnonin Arewa suka yi da almajirai ke nan a Afrilu da Mayun 2020. Aka cika motoci ba tare da an gwada kowa kafin tashi ba, da suka isa Kaduna da Jigawa gwaji ya nuna da yawa suna ɗauke da cutar. Wato an ɗauke ta daga inda ake da cibiyar killacewa a Kwanar Dawaki da filin wasa na Ƙofar Mata, an kai ta inda ko ma'aunin zafi babu. Sannan dubi watan. Afrilu zuwa Yuni rumbu ya yi ƙasa, shi ya sa ma aka fito ci-rani. Matar da za ka mayar, kuɗin da take aikawa ne ke ciyar da gidan da kake cewa ta koma. Wadda ta gudo daga Zamfara ko Katsina saboda 'yan bindiga, ko daga Borno, wace gona za ta koma?

Alhaji Ɗan Kwari:
Na ji ta 'yan gudun hijira. Amma na ƙetare fa? Su ma mu za mu ɗauka?

Badamagare:
Ranka ya daɗe, ko an so mayar da su ƙofar a rufe take. Tun Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, korona ta zo ta ƙara kwaɗo ta ɓangarorin biyu, sai 16 ga Disamba 2020 aka buɗe huɗu, ciki har da Maigatari da Illela. Rufe iyaka bai taɓa tsayar da mai tafiya Matamaye ko Magarya ta Nijar ba. Abin da yake yi shi ne ya sauke mace daga mota ya ɗora ta a babur cikin daji da dare, da goyo, kuɗi ya ninka, kuma duk abin da aka yi mata a hanya ba ta da bakin kai ƙara tunda ita ma ta karya doka.

Kuma a san cewa matan nan ba da laifi suka shigo ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza. Matsalar ita ce yawancinsu ba su da takardar da za ta nuna ranar shigowa. Yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, katin ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke nan Kano ya ƙara daraja, duk mai 'yar uwa ya matsa mata ta yi. Idan Kano ta ƙi su, hanyar da ta rage ita ce ta arewa. Matan yankin Kance na Nijar sun daɗe suna bin ta zuwa Aljeriya da yara. A Oktoban 2013 gawa 92 aka tsinta a hamada kusa da iyaka, mafi yawa mata da yara. Ko a cikin korona Aljeriya ba ta daina zubar da mutane a bakin iyaka ba, su taka kusan kilomita 15 a rairayi kafin su kai garin Assamaka na Nijar.

Anti Mai Ƙungiya:
Mu dawo kan tallafi, don a nan ne aka fi yi musu kwange. Rabon abinci ta mazaɓu aka bi da shi, da hannun masu unguwanni da 'yan siyasar akwati. Wadda ba ta da ƙuri'a a akwatin ba ta cikin tunanin mai rubuta suna. Kuɗin gwamnatin tarayya kuma, dubu biyar-biyar na wata da aka haɗa na wata huɗu aka biya dubu ashirin, daga rajistar da aka riga aka yi aka ɗauko sunaye. Mai ci-rani in ma tana ciki, a ƙauyensu aka rubuta ta. Sunanta na can, cikinta na nan.

Duba-gari:
Akwai kuskuren ƙirga ma. Mai rabo ƙofar gida yake ƙirgawa. Gidan haya a Kurna ko Birged ko Rimin Kebe ƙofa ɗaya ce, ɗaki goma sha biyu, murhu goma sha biyu. Aka miƙa buhu ɗaya, wa zai karɓa? Mai gida ko wakilinsa. A ƙirga murhu, kada a ƙirga ƙofa. Kuma ba sai an ɗauki sababbin ma'aikata ba. Matan da ke shiga gida-gida lokacin rigakafin shan inna sun san kowane lungu, sun san ɗakin da aka yi haihuwa, sun san kangon da 'yan gudun hijira suka kafa buhu suka zauna. Taswirarsu ta fi ta kowane ofis. Su ya kamata a ba aikin rubuta sunaye tun yanzu da ake zaune lafiya.

Badamagare:
Malam Duba-gari, a nan zan tsaya maka. Rajistar da kake so ita ce abin da matan suka fi tsoro. A Fabrairun 2020 aka sanar da hana bara a titi, bayan wata biyu suka ga ana loda almajirai. Duk mai hankali a cikinsu ta gane cewa takardar da aka rubuta don rabon shinkafa za ta iya zama ta kwashe mutane. Shi ya sa da yawa ko zazzaɓi ya kama su ba sa zuwa gwaji, kuma in mai biro ya shigo gida sai a ce ba kowa a ɗakin.

Barista:
Duka biyun kuna da gaskiya, kuma ana iya haɗa su. Abin da ba a rubuta ba, ba a iya amfani da shi a cuci mutum. A cire gurbin ƙasa, da na jihar asali, da na lambar NIN. A bar lambar gida, lambar ɗaki, baki nawa ne, masu ciki nawa, yara 'yan ƙasa da shekara biyar nawa, da ko akwai mai shan maganin da ba a yankewa. A ba matar kati mai lamba, kati ne ke karɓar kaya. Mai rabo ba ya buƙatar sanin ko daga Tasawa take ko daga Ɓaɓura.

Sista Ungozoma:
Kun yi ta maganar ciki na yunwa, bari in yi ta ɗaya cikin. Naƙuda ba ta san dokar kulle ba. Abin da ya fi kashe mata a irin wannan lokacin ba annobar ba ce, rashin abin hawa ne da tsakar dare, da tsoron asibiti, da rashin wadda za ta raka. 'Yar gari tana da uwa da ƙanwa da maƙwabcin da ya san mai mota. Baƙuwa sai ta yi kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, daga nan ake samun yoyon fitsari ko a rasa ɗan.

Abin da ma'aikacin asibitin unguwa zai yi da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin kulle: duk mai cikin da ta zo, a ba ta maganin ƙarin jini na wata biyu ko uku maimakon na mako biyu. Fansida, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku ake sha a gaban ma'aikaci, daga wata na huɗu, tazarar wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa, don haka kada a bari ta fita ba ta sha na ranar ba. Katin awo a hannunta zai zauna, kada a riƙe a asibiti, domin mai ci-rani ba lallai ta haihu inda ta fara awo ba. A rubuta mata lambar mai a-daidaita-sahu biyu na unguwar a bayan katin. A faɗa mata da baki, a sa ta maimaita: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, fashewar faya ba naƙuda, ɗa ya daina motsi, naƙudar da ta wuce awa 12. Ko ɗaya ta gani, asibiti, ko da shinge goma ne a hanya.

Inda ake ba da misofurostol, maganin hana zubar jini bayan haihuwa, don haihuwar gida, ƙwaya uku ne, kuma bayan ɗa ya fito ake sha, bayan an shafa ciki an tabbatar ba tagwaye ba ne. Kuskuren da ake yi shi ne a sha don a gaggauta naƙuda. Wannan yana iya fasa mahaifa. Cibiya kuma man kilohezidin kaɗai, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma, kuma kada ya kusanci idon jariri.

Maman Tagwaye:
Sista, allurar tazara fa? Mata da yawa sun ɗauki cikin da ba su shirya ba a shekarar.

Sista Ungozoma:
Ƙwarai. Ta wata uku duk mako 13 ake yin ta, kuma ko an makara har mako huɗu ana iya yi ba sai an jira al'ada ba. Ma'aikata da yawa ba su san wannan ba, sai su kori mace su ce ta dawo in ta ga jini, kafin nan ciki ya shiga. Akwai Sayana Press da ake koya wa mace ta yi wa kanta a cinya ko ciki, a ba ta ta tafi da ita. Ga mai yawo tsakanin gari biyu ashanar fata, wadda ake sa wa a dantse, ta fi, shekara uku ko biyar gwargwadon irinta.

Masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki ana iya ba su na wata uku zuwa shida a tashi ɗaya. Matsalar baƙuwa ita ce da yawa a wani gari suke karɓa don kada a san su, hanya na rufewa magani ya yanke. Ta je asibiti mafi kusa da kati ko da kwalbar da ta ƙare, a ba ta na riƙon ƙwarya. Mai tarin fuka wata shida ne ba fashi, yankewa ce ke haifar da wanda ba ya jin magani. Rigakafin yara kuma in an tsallake ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Allurar mako 6 da 10 da 14 ita ke ɗauke da kariyar mashaƙo, kuma yaran da ba a yi wa ba su cutar ta fi kwasa da ta ɓarke.

Duba-gari:
Saƙon da aka yi ta yaɗawa a rediyo, a killace mara lafiya a ɗakinsa shi kaɗai, a wanke hannu da ruwa mai gudu, an tsara shi ne don mai ɗaki uku da famfo. Mace da yara biyar a ɗaki ɗaya, banɗaki ɗaya na gida duka, ruwa daga 'yan garuwa. Abin da zai yiwu a nan: mara lafiya ya koma bakin taga, a buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa, a rataya zani tsakani, mutum ɗaya ke kula da shi da takunkumi, kofinsa da cokalinsa daban. Buta da sabulu a ƙofar gida sun wadatar, wani ya zuba wa wani, kada a tsoma hannu a roba ɗaya. Mafi ƙarancin ruwan da ake lissafa wa mutum a yini lita 15 ne, wato mai yara biyar tana buƙatar kusan jarka huɗu, don haka tallafin da ba ruwa a ciki bai cika ba.

In amai da gudawa ce, ruwan bilic na kanti mai ƙarfin kashi 3.5, gwangwani ɗaya a zuba ruwa gwangwani shida, a wanke banɗaki da ƙasa da shi. Wannan haɗin ba na hannu ba ne, na hannu sai an ƙara sirka shi ninki goma. A haɗa sabo kullum, kada a gauraya da wani sinadarin wanki. Ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kuma a nemi masu faɗar wannan da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci, ba kowace baƙuwa ce Hausa ta zauna mata ba.

Anti Mai Ƙungiya:
Ƙari kaɗan kan fyaɗe, tunda a Yunin 2020 har gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Akwai cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a asibitin Murtala. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwa cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki cikin kwana biyar. Kada a tsaya zaman sulhu da dangin yaro har lokacin ya wuce, a fara kai ta asibiti da kayan da ke jikinta ba a wanke ba. Layin NAPTIP 627 ne.

Hajiyar Jidda:
To ku juyo gabas. Namu matan a Saudiyya kashi uku ne: mai kwantiragi da iƙama, wato takardar izinin zama, ƙarƙashin kafili, ubangidan da ya ɗauki nauyinta, da 'yar takari da ta shiga da bizar Umara ta zarce, da 'yar Kano-Jidda mai saro kaya ta dawo. Ƙarshen Fabrairun 2020 aka dakatar da Umara ga na waje, farkon Afrilu aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Makka da Madina, Hajjin 2020 da na 2021 kuma mazauna ƙasar kaɗai suka yi. 'Yar takari da alhazai take rayuwa: tuwon sayarwa, talla, dakon kaya, sai shagala, wato aikatau na awa-awa, a gidajen Larabawa. Duka suka tsaya rana ɗaya. Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta har da marasa iƙama, amma wadda ta shekara goma tana ɓuya daga tarhil, wato a kama ta a koro ta gida, ba sanarwa ɗaya ce za ta kai ta asibiti ba. Da aka zo ana neman manhajar Tawakkalna kafin a shiga kanti, mara lambar iƙama ta ƙara shiga uku.

Mai kwantiragi kuma matsalarta kafili. A lokacin, in ya daina biya ta fita, sai ya kai rahoton hurub, wato ta gudu, nan take ta zama mai laifi, ƙarshenta Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a koro. Sassaucin da aka yi wa tsarin kafala a Maris 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Don haka duk mai 'yar da za ta tafi: a tabbatar ejan yana da lasisin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, a ga bizar aiki ce ba ta ziyara ko Umara ba, a ɗauki hoton fasfo da biza da kwantiragi a bar kwafi a gida, ta haddace lambar mutum biyu da ka, don waya ake fara ƙwacewa. Riƙe fasfon ma'aikaci ya saɓa wa dokar can, amma ana yi. In ya salwanta, ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda na ba da takardar tafiya ta gaggawa.

Ɗan Wapa:
Hajiya ta bar min ɓangarena. Mara iƙama ba ta iya aika kuɗi ta banki, ta hannu take bi. Ta ba wakili riyal a can, ɗan kasuwa ya karɓi riyal ɗin ya sayi kaya, abokin hulɗarsa a nan ya biya iyalinta naira. Wato aiken yana tafiya ne muddin ana saro kaya. Da jirage suka tsaya, kasuwanni suka rufe, ba mai neman riyal, sai farashin da ake ba ta ya faɗi, biya ya koma sai an jira. Lissafin Bankin Duniya ya nuna kuɗin da 'yan Najeriya ke aikowa gida ya ragu da kusan kashi 28 cikin ɗari a 2020, kuma wannan na hanyar banki ne. Kakar da aka bar wa jikoki a Fagge ko Ɗorayi ita ta ji a jikinta.

Wani abin da ke cinye su shi ne asusun aro. Mace ba ta da asusu, sai ta ce a tura na ƙane ko na miji. Shekara uku tana tara kuɗin fili, ta dawo ta tarar an ci. Ta buɗe nata kafin ta tafi, da BVN ɗinta, layin da ke karɓar saƙo kuma a riƙa sa masa kati ana kira da shi, don layin da ya daɗe a kashe kamfani na sayar wa wani. A Disamban 2020 aka ce a haɗa kowane layi da NIN, aka kuma dakatar da sayar da sabon layi har Afrilun 2021. Wadda wayarta ta ɓata a tsakanin nan ta yanke da kowa nata.

Alhaji Ɗan Kwari:
To ni dai na sauko daga batun motoci. Amma katin nan na Barista, wa zai riƙe littafinsa? In mai unguwa ne, mun koma gidan jiya.

Duba-gari:
Asibitin unguwa. Littafin ya zauna wajen mai kula da shi, kwamitin lafiya na mazaɓa ya sa ido, mai unguwa ya zama shaida kawai.

Badamagare:
Da sharaɗin a sa mace ɗaya daga cikin baƙin a kwamitin, wadda suka zaɓa da kansu. Kuma a riƙa sabunta shi sau biyu a shekara, bayan girbi da ake shigowa da farkon damina da ake komawa. Littafin da aka rubuta a Disamba, kafin Yuli rabin ɗakunan sun canja masu su.

Uwar Zaure:
Barista, a taimaka a tsara mana takardun nan biyu, ta yarjejeniyar aikatau da ta ƙirgar murhu, da boko da ajami, a sako su nan kafin Juma'a. Sista ki duba gurbin masu ciki.

Sista Ungozoma:
In sha Allah. Barista, a gurbin kada a tsaya kan "tana da ciki", a sa watan da ake sa ran haihuwa, don shi ne zai nuna wadda za a fara nema wa mota.